Fita Gona Da Yara A Ƙasashen Anka, Gummi Da Bukkuyum

Kwanan baya wani hedimasta na wata makarantar firamare a ƙasar Bukkuyum ya aiko mana da takarda, yana neman izini ya fita da 'yan aji biyar da na shida zuwa bakin gulbi, su wuni can, su ga yadda a ke noman shinkafa da yadda masunta ke jefa birgi, su ci guzurinsu a gindin itace, su komo kafin la'asar. Takardar ta tsaru ƙwarai. Ya lissafa kuɗin mota, da malamai uku da za su raka su, har da abin da kowane yaro zai rubuta in an dawo. Muka karanta ta sau biyu, sa'an nan muka rubuta a ƙarƙashinta, “Ba a yarda ba.” Tun ran nan abin ya ke cinmu a rai, don bisa ga abin da aka koya mana a kwalejin horon malamai, malamin nan shi ke kan hanya. Duk da haka, in gobe ya sake aiko da irinta, amsar da zai samu ke nan. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna da 'yan'uwanmu malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, mu duba yadda aka yi har fita da yaro bayan gari ta zama abin da a ke hanawa da sa hannu da hatimi, mu kuma duba abin da ya rage a hannunmu.

Da farko dai mu kau da wata magana da mu kan ji daga bakin waɗansu, cewa wai fita shan iska da iyali al'adar Turawa ce da ma'aikata suka kwaso, talaka bai san ta ba. Gaskiya ne mutanen birni suna da tasu irin fitar. Ran Salla a kan cika gidan namun daji na Kano, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, kuma tun 1962 aka buɗe Yankari ga masu zuwa kallo. Amma mutumin Anka ko na Gummi bai taɓa bukatar a sayar masa da tikiti ya fita da ɗiyansa ba. Shi dai bai kira abin da suna ba ne kurum. In damina ta tsaya, maigida ya kan yi sammako zuwa gandu da manyan samari, in hantsi ya yi ƙanana su bi baya da ƙwaryar fura ko dambu, a zauna inuwar ɗorawa a ci tare. In kaka ta yi, gida duk ya kan tashi. A gasa tumu da ɗanyar masara a kan garwashin kara, yara su bazu roron wake da kalar gyaɗa, a sha takanɗa, da yamma a ɗoro damma a kan jaki ko amalanke, ƙaramin cikinsu a bisa kaya yana gyangyaɗi. Da rani kuwa ga su a tafki, ga tsintar kanya da magarya, ga fita farauta bayan manya. Wanda ya tashi a ƙasar nan kafin shekara goma sha biyar da suka wuce, in ya ce bai san wannan ba, sai dai in a ɗaki aka rufe shi.

Abin da ya sa mu ke ɗaukar wannan da nauyi, watau wannan fita ita ce makaranta ta farko, kuma ta fi tamu yawan darasi. A hanyar gona yaro ke koyon rarrabe jigawa da fadama, ya san ƙasar da ke son gero da wadda ke son dawa. Can ya ke ganin ƙuduji ya fito da jan furensa mai kyau, uba ya gaya masa wannan kyan na mugunta ne, alama ce ƙasa ta gaji. Can ya ke sanin dalilin da ya sa ba a sare gawo a gona, don shi ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya yi ganye da rani dabbobi su taru ƙarƙashinsa su bar taki. Ya san zuwan shamuwa yana kusa da ruwan shuka. Ya san iyakar gonar gidansu, daga kukar nan zuwa surin can, ya san wanda ke maƙwabtaka da su gabas da yamma, ya san inda burtali ya bi. Wannan na ƙarshe akawun kotu ya fi kowa sanin amfaninsa, gama rabin shari'un gona ba da takarda a ke yanke su ba, da bakin dattijon da ya ce, “Tun ina yaro na ke kai wa ubansa fura a wurin nan.”

Makarantar boko ma, tun zamanin En'e, ba ta raina wannan ba. Kowace elementare ta kan yi gonar makaranta, a kan fita da yara duba itatuwa da ƙwari, ga ƙungiyar samarin manoma, ga 'yan sikawut da ke kwana daji su dafa abincinsu da kansu. Shi sikawut ɗin asalinsa fita ce irin wannan: a 1907 Baden-Powell ya kwashi yara ashirin ya kai su wani tsibiri a Ingila suka yi zango na 'yan kwanaki. Mu kanmu muna aji shida aka zuba mu a bayan babbar mota aka kai mu madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978. Yawancinmu ran nan muka fara ganin ruwan da ido ba ya kai ƙarshensa. Mun manta da yawa daga abin da aka rubuta mana a allo shekaran nan, amma har yau muna iya zana yadda babbar hanyar ruwa ta rabu ƙanana ta shiga gonaki.

To, abu uku ne suka taru suka datse wannan hanya, kuma ba iri ɗaya ba ne, don haka maganinsu ma ba zai zama ɗaya ba.

Na farko ya fito daga cikin ƙasar kanta. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a waɗansu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum, suna amai, suna sanƙarewa, maganin zazzaɓi kuwa ba ya yi musu kome. Da aka auna jininsu sai aka tarar gubar dalma ce. Dutsen da a ke haƙowa don zinariya yana haɗe da dalma mai yawa, kuma da farashin zinariya ya hau, sai mutane suka riƙa kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da a ke niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Sunayen Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, 'Yargalma da Bagega suka shiga jaridun duniya. Sai da aka kankare saman ƙasa gida gida, aka kwashe, aka zubo sabuwa, kafin a iya ba yara maganin da ke fitar da gubar, don in an ba yaro magani ya koma cikin ƙurar nan, aikin banza ne. Bagega ba ta samu wannan gyara ba sai 2013, saboda jinkirin sakin kuɗi. A 2022 ƙungiyar ta miƙa aikin ga hukuma.

Abin da mu ke so malamai su riƙe a nan shi ne dalma ba ta ruɓewa. Ba kamar taki ba ce da damina biyu za ta cinye ta. Inda aka taɓa niƙa dutsen nan ko aka wanke shi, in ba a gyara ba, gubar tana nan, kuma wuraren wankin galibi bakin tafki ne da rafi, watau daidai inda yaro zai so ya yi wasa. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024, amma kowa a ƙasar nan ya sani ramukan ba su taɓa yin shiru ba. Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, kuma waɗansunsu sun ratsa ajujuwanmu ana kiransu daƙiƙai, ana dukansu kan abin da ba laifinsu ba ne, don gubar tana taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta kuwa mayar da abin da ta ɗauka. Wannan abin kunya ne gare mu malamai, ya kamata mu faɗe shi.

Na biyu ba sai mun tsawaita ba, don ba gidan da bai taɓa ba. Dajin da a da a ke shiga neman itace da zuma, irin na Bagega da Sunke da Gando, ya zama mazaunin 'yan bindiga. Gandun namun daji na Kuyambana a kudancin jihar, da Kamuku da ke maƙwabtaka da shi ta wajen Birnin Gwari, waɗanda da su ne wuraren da za a kai ɗalibai kallo, ba malamin da zai ambace su yanzu sai a taswira. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu a Jangebe. A watan Satumba na shekaran nan, bayan an sake ɗibar ɗalibai a ƙasar Maradun, aka rufe makarantu, aka hana cin kasuwannin mako, aka yanke wayar hannu a jihar. A farkon Janairu 2022 aka faɗa wa ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum. Hukuma ta ce mutum 58 suka rasu, mutanen wurin suka ce sun kai wajen 200. A watan Afrilu na 2023 kuwa, a Wanzamai ta ƙasar Tsafe, aka kama mutum wajen 80, yawancinsu yara, ba a makaranta ba, ba a gida ba, a daji suna ɗibar itacen girki. Wannan na ƙarshe shi muka tuna sa'ad da mu ke riƙe da takardar hedimastan nan.

Yadda wannan ya sauya zuwa gona shi ne abin lura. A wurare da yawa manomi ba ya shuka sai ƙauyensu ya tara kuɗi ya biya, ba ya girbi sai ya sake biya. In ma ya sami fita, shi kaɗai ya ke fita ko da babban ɗansa, don in gudu ya kama, mai goyo da ɗan shekara bakwai ba su tsira. Ba a zama inuwa a ci abinci, ba a hura wuta don hayaƙi, a kan yi aiki kunne a sama a komo kafin azahar. Gonakin nesa, waɗanda su ne manya, an bar su sun koma saura, kowa ya matso gindin gari. Dubban mutane kuwa sun baro ƙauyukansu ɗungum. A Anka, garin da gidan sarautar Zamfara ya zauna bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, har ginin sabuwar fadar Sarki da ba a gama ba ya zama masaukin 'yan gudun hijira. A Ingila, da yaƙi ya tashi a watan Satumba na 1939, cikin 'yan kwanaki aka kwashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi, galibinsu yara, daga birane zuwa ƙauyuka, har waɗansu suka fara ganin saniya da idonsu. Namu ya zo a juye: ɗan ƙauye ne ya shigo gari, ya ke girma bai san hanyar gonar ubansa ba.

Mun gwada wannan da kanmu. A wata makaranta cikin gari, inda 'yan hijira suka fi rabin aji, muka shiga da tsiron gero da na dawa da na masara, kowanne bai wuce taki ɗaya ba, muka ce a faɗi sunayensu. Waɗanda suka rarrabe su duka ba su cika hannu biyu ba, alhali ajin ya fi yara arba'in, kuma kusan dukansu 'ya'yan manoma ne. Wata yarinya ta san sunan ƙauyensu, ta san sunan wanda ya kore su daga cikinsa, amma ba ta taɓa ganin kaɗanya a tsaye ba, man kaɗe kurum ta sani a kasuwa. Ran da hankali ya kwanta aka ce kowa ya koma gida, waɗannan su ne za su gaji gonakin. Wa zai nuna musu iyaka in dattawan sun ƙare a sansani? Muna jin tsoron rikicin da zai biyo bayan wannan, na gona da burtali, zai fi wanda kotunanmu suka saba gani.

Na uku shi ne ruwa, kuma ya fi shafar Gummi. Albarkar Gummi gulbi ne da fadamarsa, gonakin mutane da yawa kuwa suna ƙetare. Ran Asabar 14 ga Satumba 2024, watau ranar da ba makaranta, wani kwalekwale da ya ɗauko manoma fiye da hamsin za su gona ya kife kusa da garin, mutane gommai suka halaka. Wannan ba ɗan bindiga ya yi shi ba. Lodi ne ya wuce kima, gulbi ya cika, jiragen kaɗan ne, kowa na sauri, ba kuwa mai rigar da ke hana nutsewa. Cikin masifun nan uku wannan ce ta fi sauƙin magani, ita ce kuma muka fi jin haushinta, don ba ta bukatar soja ko likita daga ƙasar waje. Tana bukatar Sarkin Ruwa da aka ba iko ya ce jirgi ya cika, da ɗan doka a mashigi da zai tsaya masa, da riguna, da ƙarin jirage lokacin cikar gulbi.

Mun ji waɗansu na cewa maganin abin a gina wurin wasan yara na zamani, da lilo da jirgin ƙasa na wasa, a kewaye shi da katanga. Ba mu ƙi ba, yaro yana da hakkin dariya. Amma irin wannan a Gusau za a gina shi, ɗan Nasarawar Burkullu ba zai gan shi ba, kuma lilo ba ya koya wa kowa lokacin yin firi da maimai. Waɗansu kuma, cikin samarin malamai, suna ganin hana fita tsoro ne, wai in muka ƙi fita mun sallama wa 'yan bindiga daji. Muna yaba zuciyarsu, amma jarumtaka da 'ya'yan mutane ba jarumtaka ba ce. Malamin da ya fita da yara arba'in ya dawo da talatin da tara, ba makarantarsa kaɗai ya rufe ba. Iyaye a garuruwa goma za su janye 'ya'yansu, mata tun ba su, aikin shekara ashirin ya rushe a wuni ɗaya.

Abin da mu ke gani shi ne, tun da yaro ba ya iya zuwa gona, a kawo gona inda ya ke. Mutanen Ingila da yaƙin nan ya matsa musu, filayen wasa da na shan iska suka nome suka shuka dankali. Kusan kowace tsohuwar makaranta a ƙasar nan an yanka mata fili mai faɗi tun asali. A raba shi kunya kunya, kowane aji da nasa: gero, dawa, wake, gyaɗa, kuɓewa, yakuwa, in da rijiya a yi lambun rani. A dasa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo a gefe, kowanne da allon sunansa, ko da ba mu za mu sha inuwarsu ba. Malaman aikin kuwa suna nan zaune ba aiki a ƙofar makarantar: dattawan da aka koro daga ƙauyuka, waɗanda sun fi kowane littafinmu sanin ƙasa. A gayyato su da girmamawa, ran Alhamis ko wata rana da aka tsayar, a ɗan ba su na goro. A sa kowane yaro ɗan hijira ya zauna da kakansa ya zana taswirar gonarsu, da itatuwan iyaka da sunayen maƙwabta, a ajiye kwafi a makaranta. Darasin labarin ƙasa ne yau, gobe kuwa yana iya zama shaida gaban alƙali. Sai dai a ƙasashen Anka da Bukkuyum kada a kafa fartanya a filin da a ke zaton an taɓa niƙa dutse kusa da shi, sai ma'aikatan lafiya sun auna ƙasar.

A nan ne maganarmu ta iso kan akawuna da ma'aikatan filaye. Filin makaranta yana ƙarewa. Shekara bayan shekara mu kan tarar an ɗan ciza daga gabas an yi shaguna, an ɗan ciza daga yamma an ba wani ya yi gida, kuma duk takardar da ta halatta wannan ta bi ta teburin wani akawu. Yanzu da garuruwa suka cika da baƙi, kuɗin fili ya hau, jarabar ta ƙaru. Gwamnatin jiha ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Nuwamba na 2023, ana ta gyaran ajujuwa, wannan abin godiya ne. Muna roƙo a haɗa da auna filin kowace makaranta, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta a littafi, a ba Uban Ƙasa da hedimasta kowa kwafinsa. Aji in ya rushe a kan sake gina shi cikin wata uku, amma filin da aka yi wa shago ba mu taɓa ganin ya dawo ba.

Fita kuwa ba mu ce an kashe ta har abada ba, ba mu kuma ce ko'ina ɗaya ne ba. Akwai gonaki da lambuna da ke jikin gari, inda mai tsaye a ciki ya ke jin kiran salla daga masallacin Juma'a. Irin waɗannan a kan yarda, bisa sharaɗi: a je da ƙafa, aji ɗaya kurum, da yardar kowane uba, da sanin Hakimi da jami'an tsaro na wurin, kada a sanar da ranar tun da wuri, kada a sa hoto a waya sai an dawo, kada a ƙetare ruwa, a komo kafin azahar. In da safen aka ji wani motsi, ko da jita-jita ce, a fasa, ba mai zargin malami.

Haka muka rubuta wa hedimastan nan a takarda ta biyu. Ya amsa cewa wani dattijo mai lambu a bayan makarantarsu, tafiyar da ba ta kai minti goma ba, ya yarda a kawo masa yara goma sha biyar sha biyar, ya nuna musu yadda a ke yin fangali da dashen albasa. Ya kuma tambaya ko ofis zai taimaka da fartanya ashirin da bokitin ban ruwa huɗu. Mun sami fartanya goma sha biyu, muna neman sauran.